Goron Sa'adiya da Jijiya ta Uku

Kalgo,
3 ga Agusta.

Zuwa ga Hajiyata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin Inna? Ƙafar tata ta ɗan lafa kuwa, tana dai barin ki ki huta? Ya damina, ya maƙwabta? Ni nan lafiya lau, sai kewar gida, ita kuwa babu maganinta a cikin tulin ƙwayoyin da ake ɗura min safe da yamma.

Na san za ki yi dariya ki ce tsohon hedimasta ya koma rubuce-rubuce alhali ga waya a aljihunsa. To ki yi dariyarki. Gidan nan na ɗanmu Lukuman ɗaki biyu ne da falo, in na yi tari a ɗaki sai in ji an ce min sannu daga kicin. Ta yaya zan faɗa miki abin da ke raina matarsa Mubaraka tana jin mu? Shi ya sa hirarmu a waya ba ta wuce ya jiki, ya ruwa, ya awaki. Jiya da na fita ɗan tattakin da likita ya sa ni, na gamu da Muzzammil direba, ya ce sau biyu a mako yake shiga Gwandu, kuma zai riƙa miƙa miki takarda hannu da hannu.

Ɗazu na zauna na lissafa. Wata tara ke nan da aka tsaga ƙirjina a Masar, aka ciro jijiya biyu daga ƙafata da ɗaya daga cikin ƙirjin kansa, aka yi wa jini sababbin hanyoyi uku ya riƙa kewaye inda ya toshe. Tun dawowata ina gidan nan. Ke ba ki iya barin mahaifiyarki a kwance, ni ba a bari in zo. Sau uku kacal na sa ki a idona, kowanne kuma kina kallon agogo don kada yamma ta yi miki a hanya. Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, ban taɓa yin nesa da ke haka ba, kuma wallahi na gaji.

Da tuni na dawo, sai ɗan ciwon ƙirjin nan da na ji ranar Babbar Sallah ya ɓata min shiri. Na yi wa Lukuman rantsuwa cewa soyayyen nama ne da na ɗauka a ɓoye ya tsaya min, amma ina! Ya kafe ya ce ba ni ba Gwandu sai likita ya gani da idonsa cewa hanyoyin nan uku a buɗe suke. Yaron da ni na koya masa riƙe fensir, yau shi ke auna min gishiri da ƙaramin cokali.

To ga albishir, shi ne ma dalilin wannan takarda. Kin tuna gwajin da aka yi min kafin aiki, wanda aka zura min siririyar roba ta gindin cinya har zuwa zuciya? Kin tuna yadda na kwanta awa shida ba motsi, wurin ya kumbura ya yi baƙi, na yi sati uku ina sallah a zaune? Shi nake tsoro, ban ɓoye miki ba. Ashe yanzu akwai wata na'ura a wani asibiti a Sakkwato wadda ba ta bukatar wannan. Allura ce kawai a hannu, ka kwanta, ka riƙe numfashi, ta ɗauki hoton zuciya da jijiyoyinta daga waje. Na tsare likita da tambaya irin ta malamin makaranta, na ce to in ta yi ƙarya fa? Ya ce a kan jijiyoyin da aka dasa, in hoto ya fita tsaf kuma ta ce a buɗe suke, da wuya ƙwarai a same ta da kuskure. Sharaɗinta ɗaya, zuciya ta tafi a hankali lokacin ɗauka, don in tana gudu hoton zai fito kamar na akuyar da ake kora.

Mun yi yarjejeniya da Lukuman, na sa Mubaraka ta zama shaida. In ukun nan a buɗe suke, satin zan dawo gida. In ɗaya ta toshe, sai robar cinya, wataƙila har da komawa Masar, Gwandu kuwa sai dai baɗi. An ba mu ranar Alhamis, sha huɗu ga wata.

Ki gaida Inna, ki ce ina neman addu'arta. Ki sa a duba bangon zaure na gabas kafin ruwa ya yi masa yawa.

Mijinki,
Sirajo.

Kalgo,
11 ga Agusta.

Hajiyata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Takardarki ta iso ni ranar Asabar, na karanta ta sau nawa ban ƙirga ba. Rubutunki bai canza ba, har yanzu kina danne biro kamar kina fushi da shi.

Amma Sa'adiya, goro! Da Muzzammil ya miƙo min ɗan ƙunshin ganyen nan na kwance, na ga farare tas guda biyar, sai da na nemi wuri na zauna a bakin hanya. Ashe ba ki manta ba. Haka kika aiko min ranar da zan shiga jarrabawar malanta, lokacin ko sadaki ba a kai ba, na ci ɗaya a ƙofar aji na shiga na cinye jarrabawar. Kin ce in adana su sai ranar hoto, in ci in ji kamar kina kusa. Na ji, na kuma bi. Na yayyafa musu ruwa na tura ƙarƙashin akwati. Ban nuna wa kowa ba, don ba zan iya tsayawa gaban ɗan cikina in ce masa uwarsa ta aiko min goron soyayya ba.

An ba mu takardar dokoki daga asibiti. Tun daga jajibirin ranar ba shayi, ba kofi, ba baƙin lemon kwalba, ba abincin safe. Kin san ni da shayi, amma na haƙura. Lukuman ya manna takardar a ƙofar firji, yana karanta min ita kamar dokar soja. Na ce masa ni na karantar da mutum ya fi dubu, na iya karatu.

Abin dariyar shi ne horon riƙe numfashi. Kullum bayan la'asar sai in miƙe a kan tabarma in ɗaga hannuwa sama da kai, Mubaraka ta riƙe waya tana ƙirga min. Sakan goma sha biyar ake so. Ranar farko ina kai takwas na fashe da tari, ta ce, "Baba, ai ko jinjiri ya fi haka." Yarinyar nan da na ɗauka ba ta da baki! Jiya na kai talatin da biyu don in ba ta haushi, sai da ta tsorata ta ce don Allah in saki. Na ce ta rubuta ta kai wa mijinta, ya san ubansa bai ƙare ba.

Gaskiya ina jin daɗin yarinyar nan. Ta koyi miyar kuka irin taki, sai dai ba gishiri ba man shanu, wato miyar kuka ce da aka yi wa fashi. Ina ci ina sa mata albarka, don ba laifinta ba ne.

Na fara haɗa kayana a ɓoye. Riguna biyu da carbi da littattafai na riga na sa a jaka. In Allah ya so, Juma'a mai zuwa a masallacin unguwarmu zan yi ta.

Ki huta lafiya. Ki ce wa Inna sirikinta na nan tafe.

Naki,
Sirajo.

Kalgo,
16 ga Agusta.

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mai jiki? Na san Lukuman ya kira ki ya ce sai an ƙara bincike, ya kashe waya. Haka yake, in abu ya dame shi sai maganarsa ta gajarce. Ni zan ba ki labarin yadda aka yi, don ba na son ki zauna kina saƙe-saƙe.

Mun kama hanya bayan sallar asuba, ni a baya, shi yana tuƙi. Na bi dokokinsu kaf, ko ƙamshin shayi ban shaƙa ba, na haɗiye ƙwayar da suka ce tana rage gudun zuciya. Da muka zo mahaɗar da hanyar Gwandu ta rabu da tamu, na bi ta da kallo har ta ɓace, sai na ji idona ya ciko. Nan na laluba aljihu na ɓare goronki ɗaya, na tauna a hankali ba ƙara. Muna shiga Sakkwato na ƙara ɗaya. Wallahi sai na ji ƙarfi ya zo min, na shiga asibitin nan kamar ango.

Mai kula da na'urar wata yarinya ce 'yar Zuru, Naomi, mai fara'a, Hausarta ta fi ta Lukuman. Ta sa min allura a hannu irin ta ƙarin ruwa, ta manna min wayoyi a ƙirji, ta kwantar da ni a bakin wani abu mai kama da bakin rijiya da aka jingine a tsaye. Sai na ga tana duban lambobi tana ɗaure fuska. Ana son bugun zuciya ya sauko wajen sittin, nawa yana casa'in. Ta ce in kwantar da hankali in tuna wani abu mai daɗi. Na tuna ki, ya hau casa'in da huɗu. Aka ƙara min magani, aka jira fiye da awa ɗaya, da ƙyar ya sauko tamanin. Likita ya ce tunda mun zo daga nesa a gwada.

Da suka tura ruwan da ke haska jijiya, na ji ɗumi ya bi ni daga wuya har ƙasa, na rantse na ɗauka na jiƙa wando. Ashe haka yake yi wa kowa. Numfashi kam na riƙe shi yadda ya kamata, Mubaraka ba ta yi wahalar banza ba.

Jiya likita ya kira. Jijiya biyu sun fito fes, a buɗe. Ta ukun, wadda ta zagaya ta bayan zuciya, hotonta ya dishe daidai inda aka ɗinke ta. Bai ce ta toshe ba, bai ce a buɗe take ba, ya ce ba zai faɗi abin da bai gani ba. Shawararsa ita ce a zura roba a duba. Ranar Laraba za mu koma a karɓi takarda a sa rana.

Sa'adiya, raina ya ɓaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Kowa na cewa tsoro ne ya sa zuciyata gudu, ni kuwa na san ban ji tsoro ba. To in ba tsoro ba ne, mene ne? Abin da ke cina ke nan. Na fiddo rigunan nan daga jaka na mayar da su inda suke. Mubaraka ta gani, sai ta kawo min kunu ta zauna a bakin ƙofa har na shanye.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki yi min addu'a, taki nake so.

Mijinki,
Sirajo.

Kalgo,
21 ga Agusta.

Zuwa ga Hajiya Sa'adiya, babbar mai laifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta Inna, sannan ina roƙon ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. In kina riƙe da ludayi ki ajiye.

Jiya muka koma Sakkwato, ni kamar wanda za a kai kotu. Kin san halina, ba na shiga wurin wanda ya yi min ɗawainiya hannu sake. Yarinyar nan Naomi ta yi fama da ni ranar, har addu'a na ji tana yi ƙasa-ƙasa irin tasu. Na duba ba ni da abin da ya fi sauran goronki daraja, sai na ware biyu na naɗe a ganye. Muna jiran likita na hango ta, na kira ta na miƙa mata, na ce ga goron godiya, ko ba ta ci ta kai wa babanta. Don in ƙara masa daraja har na ce ba goron kasuwa ba ne, daga gida aka aiko min, kuma shi ya riƙe ni ranar hoto, guda biyu na ci a hanya.

Sai yarinya ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Baba, goro? Guda biyu? Ranar?" Na ce ƙwarai, farare ma kuwa. Ta juya da gudu ta shiga ofishin likita ko sallama babu, da goron a hannunta.

Ashe, Sa'adiya, abin da ke cikin shayi da kofi mai hana barci, wanda saboda shi aka hana ni su, yana nan cikin goro danƙam. Wato ni na haƙura da kofin shayi ɗaya, na je na zuba wa zuciyata abin da ya fi shi. Suna ba ni maganin rage gudu, goronki yana yi mata bulala. Na ce musu to ai takardarku ba ta ce goro ba, ku duba. Suka duba, babu. Likita ya ce gaskiyata ce, takardar daga wata ƙasa aka kwafo ta aka fassara, can kuwa ba su san goro ba. Nan take ya ciro biro ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a kan wadda ke manne a bango. Ya ce Allah kaɗai ya san tsofaffi nawa aka yi wa hoto da goro a kumatu. Kin ga ko a nan na gyara wa mutane takarda, aikin hedimasta bai ƙare ba.

Sai aka zo maganar abin yi. Likita ya ce ba a son maimaita hoton nan barkatai, don ruwan allurar yana wahalar da ƙoda, hasken na'urar ma ba abin wasa ba ne. Amma tunda ciwon bai dawo ba, kuma yanzu an san dalili, in gwajin ƙoda ya yi kyau zai yarda a sake sau ɗaya, ranar takwas ga watan gobe. In ta ukun ta sake ɓuya, ba sauran magana sai roba. Na ce na yarda, har na miƙa masa hannu.

Duk wannan abu Lukuman yana tsaye ya haɗe rai. Muka shiga mota, muka bar gari. Ina ganin ƙeyarsa na san ya cika. Sai da muka kusa Argungu ya dube ni ta madubi ya tambaya wa ya kawo min goro. Na ce ba ruwansa. Ya ce Hajiya ce ko? Na ce ya kula da hanya. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Sai da ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari yana cewa shi yana nan yana gadin gishiri da mai, ashe ta bayan gida ake shigo da kaya. Rabon da in ji dariyar yaron nan tun kafin Masar. Ni ma na biye masa har ɗinkin ƙirjina ya fara ja.

Saboda haka kada ki kuskura ki zargi kanki. Na san ki, yanzu za ki fara cewa kin kusa ja min. Ba ki ja min komai ba. Ke kika aiko, ni na ci, kuma na ji daɗinsa. Guda ɗayan da ya rage Mubaraka ta ƙwace ta ce sai bayan hoto.

Amma ban ce an gama ba. Goro ya bayyana gudun zuciya, bai bayyana abin da ke cikin jijiyar ba. Tana iya zama a toshe ɗin. Ki ci gaba da addu'a, yanzu ki gaya wa Inna ma, ta samu abin dariya.

Abokin laifinki,
Sirajo.

Kalgo,
9 ga Satumba.

Hajiyata, Sa'adiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. A buɗe take! Na san kin riga kin ji a waya, na ji guɗar da kika yi har Mubaraka ta janye wayar daga kunnenta. Amma abin da na gani jiya ba ya faɗuwa a waya.

Kafin mu fita, Mubaraka ta tsare ni a ƙofa ta ce da izinina za ta caje ni. Ta duba aljihu uku, ta duba jaka, har hulata ta sa na cire na kakkaɓe. A asibiti Naomi na ganina ta ce in buɗe baki. Kin ji yadda na zama abin wasan yara. Aka manna wayoyi, kowa ya zuba wa lambobin ido, ni ina kwance ina salati. Sai na ji ta tafa hannu. Hamsin da takwas! Aka tura ruwa, na riƙe numfashi, kafin in kai ƙarshen Ƙulhuwallahu a zuci an gama.

Wannan karon likita bai sa mu jira ba. Da azahar ya kira mu ciki ya juyo mana da allon. Sa'adiya, na ga zuciyata. Yana juya ta da ɗan yatsa gaba da baya kamar mai zaɓen kankana a kasuwa. Ga jijiyoyin nan uku sun kwanta a kanta farare tas, da 'yan ƙarafunan da aka ɗaure su da su suna ƙyalli. Ya bi ta ukun da bakin biro tun daga inda ta taso, ya zagaya baya, har wurin ɗinkin da ya dishe wancan karon. Ga shi nan sarai, jini na wucewa abinsa. Na ce to wannan jijiyar ƙafata ce? Ya ce ita ce. Allah Sarki, ta yi shekara sittin da bakwai tana kai ni makaranta da gona, yanzu ta koma sama tana wani aikin ba ta ce ta gaji ba.

Na sake yi masa tambayata ta farko, ko akwai yiwuwar na'urar ta yi kuskure. Ya ce hoto mai kyau irin wannan ya ishe shi, ba zai soke ni da roba a kan abin da yake gani ƙuru-ƙuru ba. Ya ce in riƙe ƙwayoyina kada in yi wasa da su, in riƙa tattaki, in dawo bayan wata shida, in kuma na ji nauyi a ƙirji kada in tsaya cewa nama ne. Na ce na ji.

Da na juya in yi wa Lukuman tsiya, ban gan shi ba. Na fito na same shi a ƙarshen baranda ya juya wa mutane baya, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na dafa shi. Ya ce ranar da na faɗi a zaure kika kira shi, tun daga Kalgo har Gwandu yana tuƙi yana tunanin gawa zai tarar. Ya ce tun daga ranar, in ba ya jin tarina ta bango ba ya samun natsuwa. Kunya ta kama ni, Sa'adiya. Wata goma ina kiran yaron nan gandiroba a raina, ina kai miki ƙararsa a takarda, ban taɓa tambayar kaina me ya gani ba. Na ce ya yafe min. Ya ce ni zan yafe masa, ya raba ni da gidana. Muka tsaya nan muna ta yafe wa juna, mutane na ratsa mu suna wucewa.

A hanya shi da kansa ya ta da maganar. Ya ce alkawari ya cika, jibi Alhamis zai kawo ni, shi da Mubaraka, kuma sun ɗauki hutu za su kwana uku. Zai bar mana abin awon jini ya koya miki. Ki yi haƙuri da shi in ya fara yi miki lacca, ki bar shi ya yi, ta haka yake samun sauƙi.

Yau da safe na je na yi sallama da mutanen masallacin unguwar nan da mai shagon da nake hutawa a bencinsa. Jaka ta cika, wannan karon a tsakar falo na haɗa ta kowa na gani.

Kada ki wahalar da kanki da girke-girke, kada ki tara mutane, sa zo daga baya. Za mu taso bayan azahar, in sha Allahu kafin la'asar muna ƙofar gida. Abu ɗaya nake roƙo. In kin ji tsayuwar mota, kada ki aiko kowa. Ranar da aka fitar da ni daga gidan nan a kwance, ke kika riƙe ƙofar zaure har aka wuce da ni, ina ganinki. Ina so ki zo ki riƙe ta, ki ga na shigo da ƙafata.

Mijinki mai dawowa,
Sirajuddeen Haliru Gwandu.